Waya a Hannu, Ɗan Sanda a Gaba: Me Dokar Ghana Ta Ce?

Da hantsi, a kan titin da ya fito daga kasuwar Aboabo a Tamale, ɗan sanda ya ɗaga hannu, mai keken nan da 'yan gari ke kira yalo-yalo ya gangara gefe. Aka tambayi takardun keke, ya miƙa. Aka tambayi lasisi, ya fara kame-kame. Murya ta soma tashi, ɗan sanda ya zare makulli ya jefa aljihu. A kujerar baya wani saurayi ya zaro waya, ya ɗaga ta daidai ƙirjinsa. Nan take magana ta bar kan lasisi ta dawo kansa.

"Kai! Wa ya ba ka izinin ɗaukata? Kawo wayar nan."

"Yallaɓai, ai ban taɓa ka ba."

Dattijuwar da ke gefensa, da kwanon tumatir a cinya, ta dafa masa gwiwa. "Ɗana, mayar da ita aljihu, mu dai mu isa gida lafiya."

Duk mai zirga-zirga a Tamale, ko mai bin hanyar Bolgatanga da ta Yendi inda shingayen bincike ke jere, ya ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Yawanci saurayin yakan bi shawarar dattijuwar, a rabu a haka, ba tare da ɗayansu ya san wa ke da gaskiya a gaban doka ba. Shi kansa ɗan sandan da wuya ya iya faɗin sashen da ya dogara da shi.

Mutanen Tamale sun riga sun ga abin da waya ɗaya za ta iya. A watan Satumba na 2021, ma'aikatan kamfanin raba wutar lantarki na arewa, NEDCo, suka fita farautar masu jan wuta ta bayan fage, 'yan sanda na rufa musu baya. Aka kama wasu mutane, aka kuma lakaɗa musu duka a bainar jama'a. Wani da ke tsaye a wurin ya ɗauka. Kafin gari ya waye bidiyon ya ratsa WhatsApp da Facebook, ya isa gidajen talabijin na Akara, hukumar 'yan sanda kuma ta sanar da dakatar da jami'ai 4. Lokacin George Akuffo Dampare bai daɗe da karɓar ragamar rundunar ba. An sha dukan mutane a irin wannan samame a baya, wanda aka daka ya kai kuka, a tambaye shi shaida, magana ta mutu. Wannan karon gani ya kori ji. Rikicin bai tsaya nan ba, domin matasa sun fusata, ma'aikatan kamfanin su ma suka janye daga aikin fita unguwanni na wani lokaci suna cewa rayukansu na cikin haɗari. Wata biyar bayan haka, a Fabrairun 2022, aka yi harbe-harbe a Lamashegu bayan 'yan sanda sun biyo wata mota, aka rasa rai, aka dakatar da jami'ai 6. A nan ma hotunan da mutanen unguwa suka ɗauka sun riga sanarwar hukuma fita.

A shekarar 2021 ɗin dai, ranar 1 ga Yuli, sojoji suka bazu a titunan Wa suna dukan duk wanda suka ci karo da shi, wai don an sace wayar ɗaya daga cikinsu. Bidiyo ne ya sa manyan hafsoshi suka je neman afuwa, aka kuma rage wa wasu sojojin muƙami. Kwana biyu kafin nan, a Ejura, garin da ke cike da 'yan Zango, kyamarar 'yan jarida ta ɗauki sojoji suna harbi a kan matasan da suka fito bayan jana'izar Ibrahim Mohammed, wanda aka fi sani da Kaaka. Mutum 2 suka mutu. Kwamitin bincike da Mai shari'a George Kingsley Koomson ya jagoranta ya zauna ya kalli hotunan.

To, waɗanda suka ɗauki waɗannan hotuna, sun karya doka?

Amsar ita ce a'a. Babu wata doka a Ghana da ta haramta wa ɗan ƙasa ɗaukar hoton jami'in gwamnati yana bakin aikinsa a kan titi, ko a kasuwa, ko a tasha. Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 21, ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da 'yancin samun bayani, sashe na 162 kuma ya ɗora wa kafofin yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Ɗan sandan da ya sa kaki ya tsaya a tsakiyar titi yana aiki ne da sunan al'umma, da kuɗin harajinta, a gaban idon kowa. Abin da ido ya halatta ya gani a wurin, ba a hana waya ta adana shi ba.

Sai dai akwai iyakoki, kuma wanda bai san su ba zai iya jefa kansa cikin ruwa. Sashe na 205 na dokar manyan laifuffuka ta 1960 ya hukunta duk wanda ya tare wa jami'i hanya ko ya hana shi aikinsa. Wanda ya cusa waya a fuskar ɗan sanda ana tsakiyar kama mutum, ko ya shiga tsakani yana ture-ture, ya ba da ƙofar da za a kama shi, ba don hoton ba, don tsaikon da ya jawo. Akwai kuma dokar sirrin ƙasa ta 1962, wadda ta keɓe wurare irin su barikin soja da ma'ajiyar makamai. Tsayawa a ƙofar barikin Kamina ana ɗaukar hoto daban yake da tsayawa a bakin kasuwa. Cikin kotu ma ba a kunna na'ura sai alƙali ya yarda.

Wannan a takarda ke nan. A kan titi kuwa, wanda ya ɗaga waya shi ne ya fi kusa da mari. Ranar 14 ga Maris na 2019, wani ɗan sanda a kan babur ya bugi motar ma'aikatan jaridar Ghanaian Times a Akara. Da ɗan jarida Malik Sullemana ya fara ɗaukar abin da ke faruwa, sai aka rufe shi da duka, aka haɗa da abokan aikinsa biyu, cikinsu har da mace mai shayarwa. A Mayun 2021 jami'an tsaron ƙasa suka tsare Caleb Kudah na gidan rediyon Citi saboda ya ɗauki hoton wasu motocin gwamnati da aka yasar a harabar ma'aikatarsu, suka kuma bi sawu har ofishin gidan rediyon suka tafi da abokiyar aikinsa da ya tura wa hotunan. Kudah ya ce an doke shi a tsare, daga baya ma'aikatar ta janye wasu jami'anta daga aiki. Waɗannan mutane ne masu katin aiki da lauyoyi da makirufo a bayansu. Mai sayar da albasa a Aboabo ba shi da ko ɗaya daga ciki, abin da ya fi damun duk mai tunani a kan lamarin ke nan.

Inda dokar ta fi tsauri shi ne naɗar magana a ɓoye, wato laɓe irin na zamani. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, domin sun ɗauka cewa in dai da kai ake maganar, kana da ikon naɗa. A ƙasashe da dama haka ne. A Ghana ba haka ba ne.

Labarin ya faro ne daga rikicin fili a kotun majistare ta Sunyani. Mai ƙara, Raphael Cubagee, ya kira wani limamin coci da ke wakiltar ɗaya daga waɗanda ake ƙara, suka yi magana ta waya, ya naɗe hirar ba tare da ya sanar da shi ba. Da aka zo gaban alƙali ya nemi a saurari faifan, yana cewa a ciki limamin ya amsa cewa filin nasa ne. Lauyan ɗaya ɓangaren ya ce sam. Alƙali ya ga magana ta taɓa tsarin mulki, sai ya miƙa ta Kotun Ƙoli. Ranar 28 ga Fabrairu na 2018 kotun ta yanke hukunci, Mai shari'a Gabriel Pwamang ne ya rubuta shi. Ta dogara da sashe na 18, sakin layi na 2, wanda ya kare sirrin gidan mutum da dukiyarsa da wasiƙunsa da maganganunsa, ta ce naɗar muryar mutum a waya ba da saninsa ba keta wannan haƙƙi ne, ko da mai naɗar shi ne abokin hirar. Hujjar mai sauƙin fahimta ce ga duk Bahaushe. Magana zarar bunu ce, amma wanda ya yarda ya faɗa maka magana a kunne bai yarda ka ɗaure ta ka ajiye ba, balle ka kai ta inda bai yi niyya ba. Aka yi watsi da faifan.

Amma kotun ba ta rufe ƙofa ruf ba, kuma wannan shi ne ɓangaren hukuncin da aka fi mantawa. Ta ce ba kowace hujja da aka samo ta hanyar keta haƙƙi ake jefarwa kai tsaye ba. Alƙali zai auna: yaya girman ketawar, yaya nauyin laifin da ake tuhuma, me adalci zai rasa in aka ƙi hujjar? Shi kansa sashe na 18 ya yi togaciya a kan hana aikata laifi da kare lafiyar jama'a da haƙƙin wasu. Rikicin fili tsakanin mutum biyu bai kai wannan matsayi ba. Jami'in da ke neman na goro kafin ya sa hannu a takardar fili, ko kafin ya saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, maganarsa daban ce. Matsalar dai ita ce, wanda ya naɗe shi ba zai san matsayinsa ba sai ya tsaya gaban alƙali.

Ita kanta gwamnati ba a sakar mata mara ba. Jami'an tsaro da ke son sauraren wayar wani sai sun nemi izinin kotu, kamar yadda dokokin 2020 na hukumomin leƙen asiri da na tsaron intanet suka tanada. A 2016 an kai wa majalisa wani ƙudiri da zai sauƙaƙa musu satar sauraro, jama'a suka yi masa laƙabi da dokar leƙen asiri, suka yi ca a kansa har aka janye shi.

Duk da haka, siyasar Ghana cike take da faifan ɓoye, kuma mafi shahara a 'yan shekarun nan ɗan arewa ne ya naɗe shi. A Yulin 2023 aka wayi gari da wata murya tana yawo, ana jin manyan jami'an 'yan sanda suna ƙulla yadda za a tsige Sufeto Janar Dampare kafin zaɓen 2024, wai ba zai taimaki jam'iyya mai mulki ba. Majalisa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Samuel Atta Akyea. A ƙarshen Agusta, Daniel Bugri Naabu, tsohon shugaban jam'iyyar NPP na Jihar Arewa, wanda babu ɗan siyasar Tamale da bai san shi ba, ya zauna gaban kwamitin ya ce shi ya sa aka naɗa, a ofishinsa da ke Osu a Akara, don shugaban ƙasa ya ji da kunnensa. Ɗaya daga jami'an, Kwamishina George Alex Mensah, ya amsa cewa akwai muryarsa, amma ya ce an yi wa faifan yanke-yanke. Ƙasa baki ɗaya ta yi makonni tana kallon zaman a talabijin. Dampare ya ci gaba da riƙe muƙaminsa har Maris na 2025.

Shekara goma kafin faifan Dampare, a Nuwamban 2013, Shugaba John Mahama ya sallami mataimakiyar ministan sadarwa Victoria Hammah kwana ɗaya bayan fitar wani faifai da aka ji tana cewa ba za ta bar siyasa ba sai ta tara dala miliyan 1. Abin lura a nan shi ne, faifan da kotu za ta iya ƙi, fadar shugaban ƙasa da gidajen rediyo ba sa ƙin sa.

Ba a maganar kyamarar ɓoye a Ghana a tsallake ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas, wanda asalin gidansu Bimbilla ne, a nan Jihar Arewa. A Satumban 2015 ya fito da fim ɗin da ya nuna alƙalai 34 ana zargin sun karɓi toshiyar baki, daga kuɗi har awaki da doya. Kafin shekarar ta ƙare an kori 20 daga alƙalan ƙananan kotuna. A Yunin 2018 ya saki fim ɗin Number 12, wanda ya kifar da shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana Kwesi Nyantakyi. FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada, daga baya kotun wasanni ta mayar da hukuncin shekara 15. Amma a kotun Ghana labarin ya sha bamban. An gurfanar da Nyantakyi tare da Abdulai Alhassan, tsohon shugaban hukumar ƙwallo ta Jihar Arewa, aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kan ko Anas zai ba da shaida fuskarsa a rufe. A Fabrairun 2025 kotu ta sallami mutanen biyu saboda masu gabatar da ƙara sun kasa ci gaba da shari'ar. Faifai ba ya rantsuwa, ba a yi masa tambayoyi. Dole sai wanda ya ɗauka ya tsaya ya ce ni na ɗauka, ga rana, ga wuri.

Tsayuwar nan kuwa tana da tsada. Ahmed Hussein-Suale, ɗan Wulensi, yana cikin waɗanda suka yi aikin Number 12. Ɗan majalisa Kennedy Agyapong ya nuna hotonsa a talabijin yana kiran a doke shi. Ranar 16 ga Janairu na 2019 wasu mutane a kan babur suka harbe shi a Madina, kusa da gidansu. Agyapong ya musanta hannu a kisan. Mai karatu a Kano zai tuna da Jaafar Jaafar na Daily Nigerian, wanda a Oktoban 2018 ya saki bidiyon da ya ce yana nuna Gwamna Abdullahi Umar Ganduje yana karɓar daloli. Gwamnan ya ƙaryata, kotu ta tsayar da binciken majalisar jiha, ɗan jaridar kuma ya bar ƙasar zuwa Ingila a 2021 yana cewa ana barazana ga rayuwarsa.

Masu sukar wannan hanya suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Akwai bambanci tsakanin kama ɓarawo da hannu a cikin buhu da kuma ajiye masa buhun a ƙofa don a ga ko zai ɗauka. A Maris na 2023 wani alƙali da ya zauna a Babbar Kotu, Eric Baah, ya kori ƙarar ɓata suna da Anas ya shigar a kan Agyapong, ya kuma yi wa salon aikinsa kakkausar suka. Malamai a masallatan Tamale su ma sukan tunatar da cewa Alƙur'ani, a Suratul Hujurat, ya hana bin diddigin asirin mutane. Gaskiya ne, kuma wanda ke naɗar hirar matarsa ko ta abokin cinikinsa don ya tozarta su ya saɓa wa addini ya saɓa wa doka. Amma dukan da aka yi wa mutum a tsakiyar titi da rana tsaka ba asirin kowa ba ne, haka ma kuɗin da aka karɓa a shingen bincike. Haɗa waɗannan biyun a kwando ɗaya azzalumi kawai yake amfana.

Wasu ƙasashen sun bi ta wannan siraɗi kafin su daidaita. A jihar Illinois ta Amurka an daɗe ana amfani da dokar hana laɓe ana tuhumar mutanen da suka naɗi muryar 'yan sanda a kan titi, laifin da zai iya kai mutum kurkuku har shekara 15. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta taka wa abin birki a 2012, kotun ƙolin jihar kuma ta soke dokar a 2014. Shekara 6 bayan haka wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ta tsaya a gefen titi a Minneapolis ta ɗauki yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd har ya cika, bidiyon da ya zama ginshiƙin shari'ar da ta ɗaure ɗan sandan. A Faransa ma an yi yunƙurin taƙaita yaɗa hotunan 'yan sanda, majalisar kare tsarin mulki ta soke sashen a Mayun 2021.

Wani tarkon yana jiran mutum bayan ya gama ɗauka, a lokacin turawa. Ghana ta soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna tun 2001, amma sashe na 208 na dokar 1960, mai hukunta yaɗa labarin ƙarya da zai tayar da hankalin jama'a, yana nan daram, ga kuma sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008 da ke iya kai mutum gidan yari har shekara 5. Da su ake kama mutane a yau. Wanda ya yanke bidiyo ya cire farkonsa, ko ya ɗauko tsohon hoto daga wani gari ya ce yau aka yi a Sakasaka, ko ya liƙa wa jami'i laifin da hoton bai nuna ba, ya fita daga inuwar doka. Wanda ya tsaya nesa kaɗan, ya ɗauka a fili, ya bar faifan yadda yake, ya tura wa wani amintacce kafin a ƙwace wayar, sannan ya kai shi ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ da ke Tamale, ko sashen ladabtarwa na 'yan sanda, ko hannun lauya, shi ne ya riƙe hujjar da za ta yi aiki. Ga mai tona asirin almundahana kuma akwai dokar kare masu fallasa ta 2006, wadda mutane ƙalilan suka san da ita.

Giɓin da ya rage a bayyane yake. Haƙƙin ɗaukar jami'i a bakin aiki yana nan, amma a warwatse cikin sassan tsarin mulki da hukunce-hukuncen kotu, inda saurayin cikin yalo-yalo ba zai iya nuna shi da yatsa ba, ɗan sandan da ya tare shi ma ba a koya masa ba. Sufeto Janar zai iya rage rabin matsalar da umarni ɗaya a rubuce, a liƙa a kowane ofishin 'yan sanda, a karanta a rediyo da Dagbanci da Hausa: ba a ƙwace waya, ba a tilasta goge hoto. Sauran rabin aikin majalisa ne, ta fayyace lokacin da naɗar jami'i a ɓoye ya halatta don tona cin hanci, ta kuma tanadi kariya ga wanda ya naɗa. Tamale ba ta rasa waɗanda suka san kan zancen ba. Haruna Iddrisu, da Tamale ta Kudu ta fara turawa majalisa a zaɓen 2004, lauya ne kuma ya taɓa riƙe ma'aikatar sadarwa. Alhassan Suhuyini na Tamale ta Arewa daga gidan rediyo ya shiga siyasa. Mutanen Lamashegu da Aboabo da Zangon Hausawa su tambaye su wannan doka duk ranar da suka zo gida neman ƙuri'a.